Langar da Ta Dawo a Wanke

Tsafe,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Gwaggona Delu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da ƙafar nan taki da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewar miyarki. Ki gaishe mini da maƙwabciyarmu Inna Hasana.

Tunda an rufe layukan waya a jihar nan, babu yadda za mu yi sai mu koma takarda, ga amfanin ajin yaƙi da jahilcin da kika yi ya zo. Ga yadda za a yi: in na rubuta, za a ajiye a shagon Mama Comfort da ke Sabon Gari a Gusau, Malam Faruk direba ya ɗauko miki. Ke ma in kin rubuta ki ba shi ya ajiye can. Mama Comfort ita ce mahaifiyar Elisha, injiniyan da nake tuƙawa.

Aikinmu gyaran famfunan rijiyar burtsatse ne masu aiki da hasken rana, ƙauye zuwa ƙauye. Ba mu da masauki, motar ce gidanmu. Farar bas ce aka cire kujerun baya, aka kafa gadaje biyu sirara, ɗaya bisa ɗaya. Sauran wurin duk bututu ne da wayoyi da akwatunan kayan aiki. Gwaggo, in na yi miƙa sai na taɓa rufi da hannu, ƙofa da ƙafa. Komai sai an auna masa wuri, har takalmi.

To ga abin mamakin da nake so in ba ki labari. Ƙanwar Elisha ta aiko masa da wasu kwanuka daga Legas, na matafiya masu kwana a mota ko a daji. Na roba ne mai laushi, baki da gindi kaɗai ke da tauri. In ka gama ci sai ka danna shi da tafin hannu, ya lafe kamar zugazugin maƙeri, ya koma faifai. Akwai kwano huɗu, kofi biyu, har da butar shayi, kuma duka suna shiga 'yar jakar da ba ta kai faɗin allo ba. Ranar da na fara gani sai da na naɗe kofi na buɗe ya fi sau ashirin, har Elisha ya ce in bari kada in kashe masa shi tun bai sha shayi ba.

Wannan ya kawo ni ga maganar langa. Hocen da kika cika mini ita da shi, gasasshiyar wainar dawar nan taki, ranar da zan taho ya yi mana kwana biyar, Allah ya saka da alheri. Amma langar ta zame mini aiki. Duk ramin da muka faɗa sai ta gangaro tana ƙara, har fentin gefenta ya ɓantare wuri biyu. Ba ni da wurin ajiye ta, kuma tunda ga waɗannan, ba na buƙatarta yanzu. Na wanke ta da sabulu da toka sau biyu har murfi, sai ƙyalli take, don kada in haɗa ki da wahala. Malam Faruk zai kawo ta tare da wannan takarda.

A ci gaba da sa mu a addu'a.

Naki,
Shu'aibu.


Nahuce,
20 ga Satumba.

Shu'aibu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo. Lafiya lau nake, ƙafa kuwa ta saba da ni na saba da ita. Hasana tana amsawa.

Langa ma ta iso. Faruk ya miƙo ta a bakin zaure, lokacin Hasana tana wajena muna tsinkar zogale. Da na karɓa na ji babu nauyi, sai na ce a raina wataƙila goro ɗaya ne ko ƙullin ganyen shayi, ai yaron bai daɗe da fara aiki ba. Na ɗaga murfi a gabanta da fara'ata. Shu'aibu, har fuskata na gani a gindin langar nan. Hasana ta leƙa, ta mayar da kai kan zogale, ba ta ƙara cewa uffan ba har ta tafi. Da ma ta yi magana, da ya fi mini sauƙi.

Bari in tuna maka, ko zaman mota ya mantar da kai. Ban haife ka ba. Mahaifinka ɗan ƙanen babana ne, kuma da shi da mahaifiyarka suka rasu shekara ɗaya, dangi suka yi ta tura wa juna kai. Ni da Allah bai ba haihuwa ba na ce a kawo mini. Kana shekara bakwai ka shigo gidan nan rungume da langar mahaifiyarka, da sauran tuwo a ciki, ka ƙi sakinta har barci ya ɗauke ka. Daga ranar a cikinta nake zuba maka.

Shekara ashirin da biyu ke nan langar nan tana fita tana dawowa. Ta je gidajen maƙwabta da Sallah, ta je gidan suna, ta bi ka makarantar kwana a Gusau. Ba ta taɓa dawowa wofi ba, ba ta taɓa dawowa a wanke ba. Ko kana makaranta da maiƙonta kake maido ta, da 'yar alawa a ciki. Kowa a unguwar nan ya san wanda aka kai wa abinci ya wanke kwano tas ya maido shi babu ko ƙwayar gyaɗa, cewa ya yi na ƙoshi da ku, a daina kawowa. Zumunci ake wankewa. Kai kuma ba ka tsaya nan ba, har ka sa a rubuce cewa ba ka da wurinta, ba ka buƙatarta.

To na ji. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka kuma. Na kife ta a kan kantar ɗakina tare da sauran jere. Allah ya ba ka sa'ar aiki, ya tsare hanya.

Delu.


Tsafe,
3 ga Oktoba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Har yau ban ga amsarki ba, amma na san ba laifinki ba ne. Mako uku ke nan babu wanda ya leƙa Gusau a cikinmu saboda wahalar mai, ina jin takardarki tana can shagon Mama Comfort tana jirana. Wannan ma wani direba na roƙa a tashar Tsafe ya ajiye mini can.

Aiki na tafiya, sai dai kaɗaici ya yi mini yawa. Elisha mutumin kirki ne, amma in ya gama aiki sai ya shiga lissafe-lissafensa na wayoyi, ya ci nasa a tsaye. Ni nakan zauna a matakalar mota da kwanona a cinya, in ci taliya ko shinkafa ina kallon shanun mutane suna komawa gida. Jiya wata tsohuwa a ƙauyen da muka gyara wa famfo ta wuce da tuwon dawa a kai, ƙamshin daddawa ya buge ni, wallahi sai abincin ya fita raina. Na naɗe kwanon da sauran taliyar a ciki ban sani ba, ta fito ta gefe ta ɓata mini wando.

Na yi ta tunanin abin da zan aiko miki, ga kasuwannin ƙauye a rufe. Sai na roƙi Elisha ya bar mini kwano ɗaya cikin huɗun, kore, wanda ya fi kyau. Ga shi nan a cikin ambulan, ki ga ikon Allah, kwano a ambulan. Ki sa yatsu biyu ki tura gindin zai buɗe. Ba ya fashewa, ba ya tsatsa, ba ya cin wuri. Cin mutum ɗaya yake ɗauka daidai, tunda ke kaɗai ce yanzu ba sai kin riƙa fama da manyan kwanuka da ƙafarki mai ciwo ba.

Ki nuna wa Inna Hasana, na san za ta yi dariya.

Naki,
Shu'aibu.


Nahuce,
11 ga Oktoba.

Shu'aibu,

Na amsa gaisuwa. Lafiya ta samu daidai gwargwado.

Kwanonka na ambulan ya zo. Na tura gindin kamar yadda ka ce, ya buɗe. Na sa hannuna ɗaya a ciki, na gwada sa na biyu, ya ƙi shiga. Lallai masu wannan aiki sun san abin da suke yi, sun ƙera kwanon da baƙo ba zai yi sallama a ce masa bismilla ba. Na gode da tunatarwa cewa ni kaɗai ce. Da ma na sani, amma ban taɓa gani a rubuce ba.

Ka ce in nuna wa Hasana. Babu Hasana. Ranar Alhamis 'ya'yanta suka zo da mota suka kwashe ta zuwa Bungudu, saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Gidan Malam Bawa ma a rufe, haka na bayan masallaci. Yanzu in na yi tari a tsakar gida ni kaɗai nake jin abina. Ranar da za ta tafi ta aiko mini da ɗanwake a 'yar tasarta, na ci, na jefa mata barkono biyar a ciki na mayar. A kan cinya ta riƙe ta har motar ta tashi.

Ni kuwa hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya. Kullum sai na tuƙa na biyu, in na zo kwashewa in tuna. A da Hasana nake bai wa, yanzu kaji ke morewa, har sun fara ƙiba.

Binta, 'yar wan marigayi mijina da ke aure a Gusau, ta aiko sau uku in koma wajenta. Ina ƙi. Ina ce mata ina da ɗa, zai dawo lokacin kaka, kuma wata rana a gidan nan za a kawo masa amarya, jeren nan da nake gogewa duk Juma'a nata ne. Ta sake aikowa shekaranjiya. Wannan karon ban ce mata a'a ba.

Ba na riƙe ka da komai. Ka girma, ka samu abin yi, ka samu kwanukan da suka dace da zamanka. Ni ce na ɗauka riƙo yana zama haihuwa. Wannan ce takardata ta ƙarshe, ba na so in cika maka mota da takardu, na san wuri ya yi maka kaɗan.

Delu.


Sabon Gari, Gusau,
30 ga Oktoba.

Gwaggona, uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki lafiya. Ni lafiyar jiki akwai, ta zuciya ce babu. A kan bencin shagon Mama Comfort nake rubutu, yanzun nan na karanta takardunki biyu a tare, ta farko da ta biyu. Sai yau muka samu shigowa.

Gwaggo, wallahi tallahi ban sani ba. Na san za ki ce yaya yaron da ya tashi a gidanki zai rasa sani, to ga gaskiya ko da za ki yi mini dariya. Ni ne nake kai kwano gidan Inna Hasana ina karɓowa shekara da shekaru, kuma duk tsawon lokacin nan ɗauka nake ƙyuya ce ke hana su wankewa. Har tausayinki nake ji, ina cewa maƙwabtanmu ba su da ta ido. Maiƙon da kike gani lokacin makaranta kuwa, ƙyuyata ce ni ma. Alawar ce kaɗai da niyya nake sawa, don na san kina so. Wannan karon na ce na girma, bari in yi abin arziki in hutar da Gwaggo. Ashe wuƙa na wasa na aiko miki.

Mama Comfort ta gan ni da takarda a hannu ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ajiye mudun da take awo da shi ta dube ni. Ta ce shekararta talatin da biyar a Gusau, duk Kirsimeti tana aika wa maƙwabta shinkafa, duk Sallah suna aiko mata da nama, ba ta taɓa mayar da kwanon kowa wofi ba. Ta ce ranar da langar ta kwana a shagonta ta ɗaga ta ta ji shafal, har ta yi niyyar jefa goro a ciki, sai ta ce kada ta shiga abin da ba a sa ta ba. Sannan ta ce, "Kai da aka haifa a ciki, ni ce zan koya maka?" Kunya ta kama ni a gaban Elisha.

Maganar da na rubuta cewa ba ni da wurinta, langa nake nufi, ƙarfe da fenti. Koren kwanon nan kuma, na aiko ne don shi ne abu mafi kyau da nake da shi. Da na ce ke kaɗai ce, ni ma ni kaɗai ne, Gwaggo, kuma da ke nake hira a raina duk lokacin da na zauna ci. Ba ni da wata uwa. In kin kife langa kin kife ni.

Don girman Allah kada ki yanke shawara kan maganar Binta da fushi. An mayar da aikinmu Rawayya daga mako mai zuwa, kusa da ke ne, zan samu rana in zo. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Shu'aibu.


Nahuce,
14 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san ko kina lafiya ba, ina dai roƙon Allah ya sa haka. Daga tsakar gidanki nake rubuta wannan, a kan turmin da kika kife.

Na iso da hantsi na tarar da kwaɗo a ƙofa. Makulli yana inda muke ajiye shi, ƙarƙashin dutsen gindin dalbejiya. Da na tura ƙofar zaure, abin da na fara takawa takardata ce ta ƙarshe, a rufe yadda na liƙe ta. Malam Faruk ya zo bai same ki ba ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ke nan kin tafi ba ki karanta ba, kin tafi kina ganin na wanke ki.

Murhu ya yi sanyi, kaji babu. Na shiga ɗakinki. Jere yana nan yadda yake, samira da tasoshi da fantekar da kike cewa ta fi ni shekaru, ƙura ta fara hawa. Na duba kanta daga farko har ƙarshe ina neman langa. Ban gan ta ba, sai zagayen wurin da ta zauna. Na duba ƙarƙashin gado, na duba madafi, har bayan gida inda ake zubar da shara na leƙa. Ban sani ba ko kin tafi da ita, ko kin bayar, ko kin yar. Na zauna na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Liman Malam Muhammad Sani ya ce mijin Binta ne ya zo ya ɗauke ki mako biyu da suka wuce, da jaka ɗaya. Ya ce su Binta sun tashi daga tsohon gidansu, bai san sabon ba, sai dai wajen bayan tasha ne. Dole in mayar da mota Rawayya kafin la'asar, hanya ba ta yamma ba ce yanzu. Zan haɗa wannan da waccan in ba Elisha ya kai wa mahaifiyarsa, ita ta san kowa a garin.

Na share miki tsakar gida, na goge jeren, na mayar da makulli. Ko an gano gidan ba zan zo miki ba sai kin ce in zo.

Shu'aibu.


Gusau,
25 ga Nuwamba.

Shu'aibu ɗana,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ƙafa ma da sauƙi tunda damina ta wuce. Binta da maigidanta suna gaishe ka.

Matar nan Comfort da ƙafarta ta zo. Kwana uku tana bin bayan tasha gida gida tana tambayar tsohuwar da aka kawo daga Nahuce. Ta shigo da takardu biyu a hannu ɗaya, kwanon shinkafa a ɗaya, ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai na karanta a gabanta. Na karanta. Da na zo inda ka ce kana ɗauka ƙyuya ce ke damun su Hasana, dariya ta ƙwace mini ina hawaye, har Binta ta leƙo ta ga ko lafiya. Kai, Shu'aibu, Allah ya shirye ka. Shekara nawa kana zagin bayin Allah a zuci.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka. Na zauna na yi tunani, ban tuna ranar da na zaunar da kai na gaya maka wannan abu ba. Mu ba a gaya mana ba, gani muka yi a wajen iyayenmu mata, kai kuwa kana ajiye kwano sai filin ƙwallo. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini maganar riƙo da haihuwa, fushi ne ya faɗe ta, ba ni ba.

Ka tambayi langa. Ranar tafiya mijin Binta ya ce mota ta cika, jaka ɗaya kawai zan ɗauka. Na tsaya gaban kanta ina kallon jeren da na tara shekara arba'in, na rasa na zaɓa. Har na fita na sa kwaɗo, na ce masa na yi mantuwa. A kan cinyata ta zo Gusau. Ina fushi da kai ina rungume da ita, ka ga irin hankalin tsufa.

Yanzu bari in faɗi abin da ba na so in faɗa. Ɗakin da aka ba ni a nan da ne wurin ajiyar kaya, katifa ɗaya ta cinye shi. Babu kanta, babu ƙusa a bango. Binta tana yi mini komai, amma ita da mijinta suna fita aiki tun safe, yara suna makaranta, gidan ya yi tsit har la'asar. A wane kwano kake tsammani nake ci? A koren nan naka. In na gama in wanke in danna shi in tura ƙarƙashin matashi. Ranar farko da na zauna bakin katifa da shi a cinya, sai na gan ka a matakalar motarka kana kallon shanun mutane. A ranar na san yadda kake ci, abincin bai wuce mini ba.

Binta ba ta bari in yi girki, wai in huta, kuma ni tsoron murhun gas ɗinta nake. Jiya na ce mata ko ta samo mini gawayi ko in koma Nahuce da ƙafa. Ta samo. Na yi hoce a bakin ƙofa, na daka yaji da ƙuli, na cika langa har murfi yana ɗagawa. Da kaina zan kai shagon Comfort, in mayar mata da kwanonta, na sa mata daddawa a ciki.

Ka ce ba ka da wurin ajiye ta. Wa ya ce ka ajiye? Ba a yi langa don zama ba, don zirga-zirga aka yi ta. Ka ci, ka ba abokin aikinka, ka maido mini. Kwanukanku na naɗewa ku riƙe abinku, suna da ranarsu, na shaida. Ka zo duk ranar da aiki ya sake ka, amma kada ka riƙe mini langa har sai ka zo.

Gwaggonka,
Delu.


Rawayya,
28 ga Nuwamba.

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Lafiya lau nake, yau kam har zuciya. Ki gaishe da Binta da mutanen gidan.

Elisha ya iso da langa jiya da azahar. Na shimfiɗa tabarma a inuwar mota, na ce masa yau ba mai ci a tsaye. Muka sa ta a tsakiya, hannu biyu a kwano ɗaya, har wani manomi da ya zo wucewa muka ce masa bismilla ya zauna ya sa na uku. Kwanukanmu suna cikin jakarsu ba wanda ya taɓa. Yajin ya sa Elisha hawaye, ni ma na ce yajin ne.

Da muka gama ya ɗauko ruwa zai zuba a ciki, saboda sabo. Na riƙe masa hannu.

Ga ta nan. Sauran yaji yana manne a gindi, da maiƙon ƙuli a murfi, ki duba da kyau. Na sa miki sabuwar gyaɗa da manomin nan ya ba mu, da alawa guda biyu irin ta da. Ana cewa an fara buɗe layukan waya, zan kira ki in ya iso nan, kuma ranar Juma'a ta sama ina tafe in Allah ya so.

Amma Elisha zai sake shiga Gusau ranar Laraba ɗauko kayan aiki, zai biya ta shago. Gwaggo, ban ƙoshi ba.

Ɗanki,
Shu'aibu.